Ba a Ƙetare Saman Mutum

A ƙauyenmu na Kokterek, can cikin duwatsun Altai, in ka ɓata wa Kabdesh ɗan Ospan rai, gara ya zage ka. In ya zage ka, magana ta ƙare. Amma in ya dube ka ya ce "ba komai," to ka sani ya ajiye maka ne, kuma ajiyarsa ba ta ruɓewa. Wani ya taɓa yi masa ba'a a gidan biki, ya ce katakan da yake sassaƙawa karkatattu ne. Kabdesh ya yi dariya tare da kowa. Sai da mutumin nan ya yi furfura, rannan ya zo neman a sassaƙa wa jikansa. Kabdesh ya shimfiɗa masa, ya zuba masa shayi har kwano biyu, sannan ya ce, "Ai nawa karkatattu ne, kada su karya maka yaro." Haka mutumin ya tashi hannu banza.

Sana'arsa sassaƙa shangi ce, katakon nan biyu dogaye da muke ɗaurawa a ƙafa mu bi kan ƙanƙara. A wurin ubansa ya gada. Ya fafe itace, ya tanƙwara bakinsa da tururi, sannan ya lulluɓe ƙasansa da fatar ƙwaurin doki, gashin yana kwance yana duban baya. In za ka gangara, gashin ya kwanta ka yi ta sulu. In za ka hau, ya miƙe ya riƙe ka. Sai sanda guda doguwa mai baki kamar ludayi, da ita ake tuƙi, da ita ake tsayawa. Duk yaron da ya tashi a Kokterek a zamaninmu, a kan aikin hannun Kabdesh ya fara faɗuwa.

Tsoho Ospan ba ya koyarwa da baki. Doka ɗaya ce kawai ya taɓa faɗa wa ɗansa da harshe, ita ma sai da ya fara karya masa sanda a gadon baya. Bayan sallar Nauriz, bikin sabuwar shekararmu, in sanyi ya fara ja da baya, ƙanƙarar tsauni tana kwana a daskare, amma da rana ta ɗaga sai ta jiƙe ta yi nauyi, ta zauna a gangare tana jiran mai taɓa ta. A irin wannan lokaci ana fita da sassafe a dawo kafin rana ta take. Kuma ko ubanka ne ya aike ka, ba ka ƙetare gangare in akwai mutum a ƙasanka, don sawunka zai yanke ta kamar wuƙa, duk ta zaftare a kansa. Kabdesh yana saurayi ya ƙetare saman ubansa sau ɗaya. Ƙanƙarar ba ta motsa ba, amma shi sai da ya yi kwanaki yana kwanciya rub da ciki.

Ya auri Kulpash, mace gajera mai kaifin baki, wadda ita kaɗai ce take iya ce masa ya yi ƙarya ya kuma haɗiye. Suka haifi 'yan mata, duk aure ya kwashe su zuwa birni. Namiji ɗaya suka samu a ƙarshe, Nurtas. Yaron bai ɗauko halin uban ba ko kaɗan. Ka zage shi da safe, da yamma ya kawo maka itacen wuta. Abokinsa na ƙut da ƙut shi ne Dalel, ɗan maƙwabta, wanda ya girma rabi a gidansu rabi a gidan Kabdesh. Kwano ɗaya suke ci, kuma shangin Dalel na farko Kabdesh ne ya sassaƙa masa kyauta.

Da baƙi suka gano tsaunukanmu, suka fara zuwa daga ƙasashe masu nisa don su hau ƙololuwa su gangaro, Dalel ne ya fara kama harshensu. Ya zama ɗan jagora. Ya yar da katako ya koma shangin kanti, sirara masu bakin ƙarfe, ya sa riga ja wur da baƙin tabarau. Ni ban ga laifin baƙi ba, baƙo ido gare shi amma bai san gari ba. Laifin na ɗan gari ne da ya san doka ya take ta don a tafa masa.

Nurtas shi yana nan a kan katakon ubansa. In bazara ta zo, maral, manyan barewan dutsen nan, suna zubar da ƙahoninsu, samari kuwa su bi kwazazzabai suna tsinta. Wata safiya ya fita tsintar ƙaho a kwazazzabon da ke ƙarƙashin gangaren da muke kira Wuyan Raƙumi. Wajen azahar aka ji ruri daga can, kamar aradu ba hadari. Nurtas bai dawo ba.

Mutane suka fita nema. Kwazazzabon ya cika fal, ba a ma san inda za a fara tono ba. Aka tambayi Dalel, don an san ya kai baƙi sama a ranar. Ya ce su ta bayan tsauni suka sauka, ba su ga komai ba, ruri kawai suka ji kamar kowa. Washegari baƙin suka shiga mota suka tafi. Hukuma ta zo ta duba daga nesa, ta ce ƙaddara ce.

Kabdesh bai yi musu da kowa ba. Da asuba, ƙanƙara na daskare, ya hau Wuyan Raƙumi shi kaɗai har inda zaftarewar ta faro. Nan ya ga sawu, layi biyu sirara masu kaifi, sun taho daga gefe sun shiga daidai bakin yankan. Katako mai fata ba ya barin irin wannan sawu. Ya tsaya ya dube shi har ya ƙoshi, ya gangaro gida, ya gaya wa Kulpash ita kaɗai. Da yamma Dalel ya shigo yi musu jaje yana share hawaye, yana cewa da ya san Nurtas yana can da ya bi ta wajen. Kabdesh ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba komai, ɗana."

Sai da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara tsiro, sannan kwazazzabon ya ba da gawar. Aka yi jana'iza. Aka yanke wa dokin Nurtas, wani akawal, gashin wutsiya aka sake shi, kamar yadda ake yi wa dokin mamaci, ba mai hawansa har shekara ta zagayo. Da ta zagayo aka yanka shi aka yi sadaka, gari duk ya taru. Dalel ya zauna cikin samari ya ci naman dokin nan har ya tanɗe yatsu. Kabdesh da kansa ya ƙara masa tsoka. Kulpash tana kallo daga wajen tukunya.

Da jama'a suka watse ta tare mijinta a zaure.

"Uban Nurtas, kai mutum ne kuwa? Ka ciyar da shi da hannunka?"

"Bari ya yi ƙiba, tsohuwa."

"Har yaushe? Ko sai na mutu za ka aiko mini da labari?"

"Wadda ta ci ɗanki ita za ta ci shi. Ba ni da iko da ita, lokacinta take bi."

Bazarar nan ta wuce ba ta yi yadda yake so ba, ƙanƙara ta yi ƙaranci. Ya haƙura. Mai haƙuri, an ce, yakan dafa dutse, amma ba a faɗi irin wutar da ke cinsa yana jiran ya nuna ba. Kabdesh ya rame, ya daina zama a majalisa. Ya jeme fatar ƙwaurin akawal ɗin da tsamin nono da gishiri, ya sassaƙa wa kansa sabon shangi, ya jingine a bayan ƙofa. In ya haɗu da Dalel a hanya kuwa sai fara'a, har ya tambaye shi lafiyar baƙinsa.

Damuna ta wuce, sanyi ya zo da ƙanƙara mai yawa, irin wadda take rufe shinge. Bayan Nauriz rana ta buɗe, indararo ya fara ɗiga tun hantsi. Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, Kabdesh ya ɗaga murya a gaban dattawa.

"Dalel! Zo nan, ɗan jagoran Turawa."

"Na'am, Aga," in ji shi, don haka muke kiran wanda ya girme mu.

"Na hango ƙahon maral a ƙarƙashin Wuyan Raƙumi, mai rassa kamar bishiya. Gwiwata ta tsufa, ba na son zuwa ni kaɗai. Gobe ka raka ni."

Dalel ya haɗiyi yawu. "Aga, can ɗin... ai ka san wurin ba kyau yanzu."

"Au, kai ma ka san da haka? Na ɗauka ta bayan tsauni kawai ka sani." Ya yi dariya, dattawa suka taya shi ba su san me suke wa dariya ba. "Ko sai mai jan kunne kake rakawa? Mu da muka share maka majina ba mu isa ba?"

Wani tsoho ya ce, "Haba Dalel, uban abokinka ne fa. Da Nurtas yana nan ai ba zai roƙe ka ba."

Ina Dalel zai bi? In ya ƙi, sai an tambayi dalili. Ya ce to.

Suka fita da sassafe kamar yadda ya kamata, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashinsu. Amma tun daga bakin daji Kabdesh ya fara nawa. Nan ya tsaya ɗaure igiyar ƙafa, can ya tsaya tari. Da suka kai rabin hanya ya ce sai ya sha shayi. Ya hura wuta a gindin dutse, ya narka ƙanƙara, ya fito da busasshen cuku yana tsotsa a hankali kamar mai jiran baƙi. Rana ta haye ta zauna sosai a kan gangaren. 'Yan dunƙulen ƙanƙara suka fara gangarowa da kansu suna barin sawu.

"Aga, rana fa tana yi."

"Kai da kake da baƙin tabarau kake tsoron rana? Sha shayi."

"Wallahi gara mu koma, gobe ma rana ce."

"Gobe wani ya riga mu. Tashi mu je."

Suka bi ta kan doron tsauni, inda iska ta share, har suka kai kafaɗar Wuyan Raƙumi. Daga nan ana hango kwazazzabon a ƙasa, kuma ga ƙahon can a tsaye cikin ƙanƙara. Kabdesh ne ya kafa shi da hannunsa tun asubahin jiya, amma wa zai gaya wa Dalel?

"Ga shi can. Bi ta gefen duwatsun nan ka sauka ka ɗauko, ƙafarka ta fi tawa. Ni zan jira ka a nan."

Dalel ya dubi gangaren, ya dubi tsohon da ke zaune a kan dutse yana tausa gwiwa. Ya yi shahada ya sauka. Gaskiya ya iya, ba a hana shi wannan. Ya bi gefe yana lanƙwasa kamar maciji, cikin ƙiftawar ido ya isa. Ya kama ƙahon ya ja, sai ya ji ya fito salin alin, gindinsa ma da alamar igiyar da aka rataye shi da ita a ɗaki. Ya ɗaga kai.

Kabdesh ba ya kan dutse. Yana tsaye a bakin gangaren, daidai samansa, shanginsa a gicciye, ya tokare da sanda. Tsakaninsu ba komai sai ƙanƙara jiƙaƙƙiya tana ƙyalli.

"Aga! Me kake yi a nan? Koma baya!"

"Don me?" Muryar tana saukowa tar, don kwazazzabo ba ya ɓoye magana.

"Ba a ƙetare saman mutum, Aga!"

"Ashe ka san dokar. Wa ya koya maka?"

Dalel ya waiga hagu, dutse ne a miƙe. Ya waiga dama, sai ya ratsa ƙarƙashin gangaren gaba ɗaya kafin ya fita.

"Motsa ka gani," in ji Kabdesh. "Taku ɗaya ka yi, ni ma in yi ɗaya. Na ga sawunka, Dalel. Tun washegari na gan shi. Ka ci gurasar gidana, ka ci dokinsa, ka yi kuka a kafaɗar uwarsa. Yau faɗa mini da bakinka."

"Ban san yana ƙasa ba! Na rantse da Allah!"

"Ƙarya kake, ɗan banza. Sawun hawansa yana nan a fili, makaho ma ya gani."

"Na gani... na ga sawun. Na ɗauka ya wuce. Baƙin suna ɗaukar hoto, suka ce in yanka ta tsakiya. Aga, ka yi wa Allah, ina da 'ya'ya!"

"Ni ma ina da ɗa. Da ta zaftare fa, sai ka yi yaya?"

Da Dalel ya tsaya nan, wataƙila da tsohon ya bar shi da tsoro kawai, Allah ne masani. Amma wanda ya ga mutuwa ido da ido bakinsa ba ya da linzami. Ya durƙusa ya fashe da kuka.

"Na sauko, Aga. Na sauko har nan. Na ji muryarsa a ƙarƙashi, yana da rai. Sai na ga sauran ƙanƙarar tana rataye a sama, baƙin kuma suna ihu in zo mu tafi. Tsoro ya kama ni. Na ce in na faɗa za a ɗaure ni."

Kabdesh bai san da wannan ba. Duk tsawon jiran nan, abin da yake rarrashin kansa da shi shi ne yaron bai sha wuya ba. Ya ɗaga sanda ya tura kansa, ya yanka gangaren daga wannan gefe zuwa wancan.

Ƙanƙarar ta tsage a bayan ƙafarsa da wani irin nishi, ta fara tafiya a hankali kamar kunu mai kauri, sannan ta haɗa ƙarfi. Ya ga jar riga ta juya sau ɗaya ta ɓace. Rurin ya cika kwarin, ya dawo, ya mutu.

Ya gangaro ta kan ƙasar da zaftarewar ta share, ya tsaya a kan tarin. Zuciyarsa fari ƙal, ba zan ɓoye muku ba. Ya zauna a kan wani dunƙule yana mai da numfashi, yana jin daɗin da bai ji ba tun ranar da aka ji rurin farko. Can sai ya ji wani abu a ƙarƙashinsa, siriri, kamar kukan ɗan akuya a cikin rufaffen ɗaki.

Ya saurara. Ya bar shi ya yi ta kira. Ya ce a ransa, kira, ɗan nema, kira ka ji yadda ake ji. Muryar ta yi ƙarfi, ta dushe, ta sake tasowa. To amma kunne ba ya zaɓe. Tun yana jin muryar Dalel har ya daina bambance ta wane ne, sai dai muryar yaro a ƙarƙashin ƙanƙara, shi kuma babba yana zaune a sama. Ya yi tsaki, ya zagi Dalel, ya zagi uban Dalel, ya juya sanda ta bakin ludayin ya fara tono.

Abin da ya ƙara ƙona masa rai shi ne sauƙin aikin. Ƙanƙarar ta yi tauri, amma zurfin bai fi tsawon hannu ba. Kafin tukunyar shayi ta tafasa ya ga jar riga. Ya share masa fuska, ya zaƙulo ƙanƙara daga bakinsa da yatsa. Dalel ya ja numfashi ya yi ƙara, ƙafarsa ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa.

"Ka gani?" in ji Kabdesh yana haki. "Ni tsoho, da sanda. Iyakarta ke nan. Abin da ka kasa yi masa ke nan."

"Aga, ka yafe..."

"Rufe mini baki. Ba don kai na tono ka ba. Mutuwa ta yi maka arha. Akwai wadda za ka gaya wa abin da ka gaya mini."

Ya ɗaure shi a kan shangi, ya sa igiya a ƙugu, ya ja shi har gari. Bai kauce wa dutse ko ɗaya ba a hanya. Mutane suka fito suna salati, suna cewa a kai shi wurin mai ɗori, Kabdesh ya ratsa su kamar bai ji ba. Ya ja shi har tsakar gidansa, ya yar da igiyar a ƙofar ɗaki, jama'a suka cika zaure.

Kulpash ta fito da gari a hannu. Ta dubi Dalel, ta dubi mijinta.

"Da rai ka kawo mini shi?"

"Faɗa mata," in ji Kabdesh. "Da ƙarfi, kowa ya ji."

Dalel ya faɗa, tun daga hoton baƙi har zuwa gudunsa. Uwar Dalel, da ta shigo da ihu, ta toshe bakinta da gyale ta sulale ta zauna a ƙasa. Kabdesh yana tsaye ya harɗe hannu, yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana shan romon dutsensa.

Kulpash ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta a zane, ta tsuguna dab da fuskar Dalel.

"Ka ce ka ji muryarsa."

"Na ji, Apa," in ji shi, yadda muke kiran uwa.

"Me yake cewa?"

Dalel ya kau da kai. Ta kama haɓarsa ta juyo da shi.

"Kai yake kira? Ya san kai ne a sama?"

"A'a, Apa. Bai san da ni ba." Ya rufe ido. "Babansa yake kira. Yana cewa, Baba, ga ni nan, Baba."

Kabdesh, da ya jawo ƙato tun daga Wuyan Raƙumi bai huta ba, ya nemi bango ya dafa. Bangon bai riƙe shi ba.